Yaƙin Satiru da Kisan da Ya Biyo Bayansa

Matafiyin da ya shiga mota a Kwangila, nan Zariya, ya nufi Sakkwato, zai bi ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, in ya kusa isa kuma ya ratsa Dange da Shuni. To, a tsakanin garuruwan nan biyu da Boɗinga da Dancadi, kimanin mil 14 kudu da birnin Sakkwato, nan ne garin Satiru ya ke a dā. Cikin shekarar 1906 aka rushe shi, aka kashe mutane wajen 2,000 a cikinsa da kewayensa, aka kwashe mata da yara, aka hana kowa sake zama a wurin. A litattafan Turawa na zamanin an kira abin nan kashe wutar tawaye. Amma wanda ya bi labarin daki daki zai ga yaƙin kansa bai ci yini guda ba, kuma kisan bai tsaya ba sa'ad da faɗan ya ƙare, har ya kai ga waɗanda ba su da ikon kare kansu.

Halin da ƙasa ta ke ciki

Kafin a gane Satiru sai an tuna da shekaru ukun da suka gabace ta. Cikin 1902 sojan Ingilishi suka zauna a Zariya, ba a daɗe ba kuwa suka tuɓe Sarkin Zazzau Kwasau suka kai shi Wushishi. Daga Zariya ɗin nan rundunar Kanar Morland ta tashi a ƙarshen Janairu 1903, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu, aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya yi hijira gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, har aka tarad da su a Burmi aka kashe shi cikin watan Yuli. A bayansa Gwamna Lugga ya naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu a Sakkwato.

Turawan da suka ci ƙasar 'yan kaɗan ne ƙwarai. A lardi guda mai faɗin tafiyar kwanaki ba a samun fiye da Razdan da mataimakansa biyu ko uku, da hafsoshi kaɗan a bariki. Sun sani sarai ba su iya riƙe ƙasa mai girma haka sai da hannun sarakuna, sarakuna kuma sun ga abin da ya sami Kwasau da Attahiru. Talaka kuwa yana tsakani. Harajin da ya saba biya bai ragu ba, ga aikin tilas da ɗaukar kayan soja sun ƙaru. Bayi kuma sun ji an yi shela cikin 1901 an hana kamu da cinikin bayi, an ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, saboda haka da yawa suka gudu daga rumadan iyayengijinsu suna neman inda za su fake.

A irin wannan hali maganar Mahadi ta yi ƙarfi. Ba sabuwar magana ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mutane su ke zaton bayyanarsa ta kusa, har Shehu da kansa ya bayyana cewa shi ba Mahadi ba ne. Da Muhammadu Ahmad ya tashi a Sudan cikin 1881, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a. Da Nasara suka ci ƙasa sai talakawa da yawa suka ɗauka ƙarshen zamani ke nan ya zo, gama sun ga abin da ba su taɓa zato ba.

Mutanen Satiru

An kafa Satiru zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1891 zuwa 1902. Gari ne na ƙananan malamai da almajiransu, da manoma, da bayin da suka tsere. Ba garin sarauta ba ne, ba shi da ganuwa ta kirki, mutanensa kuwa ba su cika shiri da hakimai da jakadunsu ba. Cikin 1904 shugabansu Malam Maikaho ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi aka kai Sakkwato, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi.

A ƙarshen 1905 tawaye ya tashi a ƙasar Zabarma, wajen Dosso, kan mulkin Faransa. Faransawa suka ƙone Kobkitanda, garin da abin ya taso, cikin Janairu 1906. Wani malami daga cikin shugabannin tawayen, wanda a ke yi wa laƙabi Ɗan Makaho, ya tsere da mabiyansa ya ƙetaro iyaka ya sauka Satiru. Zuwansa ya ƙara wa wutar iska. Bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki, ran 13 ga Fabrairu, Satirawa suka faɗa wa wani ƙauye na maƙwabta, Tsomau, wanda ya ƙi bin su, suka ƙone shi, suka kashe mutane. Wannan laifi ne babba, ba kuwa wanda zai wanke su daga gare shi. Shi ne ya jawo soja.

Karo na farko

Razdan na Sakkwato, Manjo Burdon, ya riga ya kama hanya zai tafi hutu, ya bar Mista Preston-Hillary yana riƙon lardi. Da gari ya waye ran 14 ga Fabrairu sai Hillary ya fita da mataimakinsa Mista Scott, da likita, da Laftana Blackwood wanda ya ke jan kamfani guda na sojan doki, kimanin mutum 70. Nufin Hillary ya kama shugabannin ba tare da harbi ba, don haka da suka hango garin sai ya zaburi dokinsa ya yi gaba don ya yi magana da su.

Al'adar sojan nan in za su yi faɗa su kan sauka daga dawaki, su tsaya sahu huɗu suna ba juna baya, dawaki a tsakiya, ta yadda ko ta ina abokin gaba ya ɓullo zai tarad da bakin bindiga. Blackwood ya ga Satirawa sun fito da yawa, ya ga Razdan yana waje shi kaɗai, sai ya motsa sahun don ya cim masa. Kafin su sake daidaita tsayuwa jama'a ta auka musu da fartanya da gatura da sanduna da kibau. Dawaki suka firgita, sahu ya watse. Nan aka kashe Hillary da Scott da Blackwood da soja 25, likita ya tsira da rauni, Satirawa suka kwashe bindigogi har da bindiga mai ruwa guda. Malam Isa ya sami rauni a wurin, shi ne ajalinsa, jagoranci ya koma hannun Ɗan Makaho.

Tun da Turawa suka shigo ƙasar ba a taɓa yi musu irin wannan kaye ba. Masu fartanya sun yi abin da mayaƙan Kano da na Sakkwato, da dawakinsu da lifidinsu, suka kasa. Labari ya bazu ko'ina kamar wutar daji.

Kwanaki 24

Gwamna Lugga yana Zungeru sa'ad da waya ta iso. Yawancin sojansa kuwa ya tura su ƙasar Tibi, saboda rikicin da aka yi a Abinsi bakin Binuwai cikin Janairu. Sai da aka yi kwana 24 kafin a tattaro runduna daga wurare dabam dabam ta kai Satiru. A cikin kwanakin nan da Sarkin Musulmi ya ɗaga tuta, da 'yan Turawan da suka saura a Sakkwato ba su kai labari ba. Amma bai ɗaga ba. Ya tsaya wa Burdon, wanda ya komo da gaggawa, ya kuma aika wa hakimansa kada kowa ya bi Satirawa. Marafa Muhammadu Maiturare ya zo daga Gwadabawa da mahayansa ya kai wa Satiru hari, bai ci nasara ba, ya komo.

Me ya sa sarakuna suka zaɓi wannan hanya? Da fari, sun ga Burmi, sun san ko an kashe Turawan Sakkwato waɗansu za su zo da igwa, Hausawa kuwa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Na biyu, malaman fada ba su yarda da da'awar Maikaho da ɗansa ba, sun ɗauke ta fitina cikin addini. Na uku, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa ba, Satiru barazana ce ga sarauta kanta. Gari ne da ya ƙi haraji, ya karɓi bayin manya ya ƙi mayarwa. Da ya ci gaba da nasara, da kowane rinji da ke kewayen Sakkwato ya watse. Watau a kan Satiru bukatar Bature da ta basarake suka zo ɗaya.

Ran 10 ga Maris

Manjo Goodwin ya isa gaban Satiru da safiyar 10 ga Maris 1906, watau cikin watan Muharram na hijira ta 1324, da soja fiye da 500, da bindigogi masu ruwa da igwa, mahayan Sakkwato kuma suna biye. Satirawa ba su gudu ba, ba su kuma ɓuya ba. Bindigogin da suka kwasa ba su amfane su da kome ba, gama ba su san sarrafa su ba. Suka fito fili kamar yadda suka yi a karon farko, suka yi ta kawo sura kan sahun soja, harsashi yana zubad da su tun ba su matso ba. Da ƙarfinsu ya kare sai soja suka shiga garin da banati, aka cinna masa wuta.

In da a nan aka tsaya, da sai a ce yaƙi ne, wanda ya fi makami ya ci. Amma ba a tsaya ba. Waɗanda suka fita da gudu, sojan doki da mahayan Sakkwato suka bi su cikin daji da gonaki suna kashewa, ba a karɓi tuba ba, ba a damu da kama fursuna ba. Lissafin da ke cikin takardun Turawa da kansu ya kai mutum 2,000, ba a kuwa kashe Bature ko guda ba. Mata da yara kimanin 3,000 aka kora zuwa Sakkwato, aka rarraba da yawansu a gidajen manya. Gwamnatin da ta yi shelar hana kamun bayi shekaru biyar kafin wannan, ita ce ta tsaya aka yi rabon nan a gabanta. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ɗan Makaho ya tsere da rauni, aka kamo shi, aka yi masa shari'a a gaban Sarkin Musulmi, aka kashe shi a kasuwar Sakkwato tare da waɗansu manyan mabiyansa. Aka baje garin har ƙasa, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Ko mutanen da suka tsira ba su da inda za su komo su binne 'yan'uwansu.

Labari ya kai Ingila. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a Ofishin Ƙasashen Mallaka, ya rubuta a kan takardun yana nuna ƙyamarsa ga yadda aka hallaka taron mutanen da kusan ba su da makami. Amma abin bai wuce rubutu ba. Ba hafsan da aka tuhuma, ba wanda aka gurfanar. Sarkin Musulmi ya sami lambar girma ta C.M.G. saboda amanar da ya riƙe, Sarkin Gwandu na lokacin kuwa aka tuɓe shi bisa zargin ya karkata wajen Satirawa, aka naɗa Haliru Abdu. Cikin Afrilu rundunar Turawa ta faɗa wa Haɗeja, aka kashe Sarki Muhammadu a cikin garinsa. Marafa Maiturare ya zama Sarkin Musulmi cikin 1915.

Irin wannan a wata ƙasa

Don mai karatu ya ga abin nan ba a ƙasarmu kaɗai ya auku ba, bari mu ɗauko misali daga Amurka, shekaru 46 kafin Satiru. A arewacin jihar Kalifoniya, bakin teku, akwai wata al'umma ta mutanen asalin ƙasar a ke ce da ita Wiyot, masunta ne da mafarauta, suna zaune kewayen wani lungun teku mai suna Humboldt. Da aka gano zinariya a Kalifoniya cikin 1848 sai fararen fata suka yi ta kwararowa, cikin 1850 suka iso lungun nan suka kafa garuruwa, har da Eureka, suka shiga sarar itatuwa da kiwon shanu a ƙasar mutane.

A tsakiyar lungun akwai tsibiri, Tuluwat, inda Wiyot su ke taruwa ko wace shekara su yi bikinsu na sabunta duniya. Daren 26 ga Fabrairu 1860, ana cikin kwanakin bikin, mazaje sun tafi ɗebo abinci, sai waɗansu baƙin nan suka haye cikin jirgin ruwa suka tarad da mata da yara da tsofaffi suna barci. Da gatura da wuƙaƙe suka kashe su, don kada a ji ƙarar bindiga a Eureka. A daren nan da kwanakin da suka biyo aka faɗa wa waɗansu ƙauyukansu kuma. Masu tarihi sun ƙiyasta waɗanda aka kashe daga 80 zuwa 250. Wani saurayi ɗan jarida, Bret Harte, ya buga labarin abin da ya gani ya la'anci masu aikin, aka yi masa barazana har ya bar yankin. Masu binciken laifi na kotu suka zauna, suka tashi ba su tuhumi kowa ba, ko da ya ke an san mutanen a gari. Waɗanda suka tsira aka kwashe su aka kai wani keɓaɓɓen wuri nesa da ƙasarsu. Cikin 1910 Wiyot ba su kai mutum 200 ba.

Akwai bambanci tsakanin al'amuran biyu, bai kamata a ɓoye shi ba. Matan Tuluwat ba su yaƙi kowa ba, a kan shimfiɗarsu aka same su, Satirawa kuwa su suka fara zub da jini a Tsomau. Baƙin Kalifoniya ƙasa su ke so, su kawar da masu ita su zauna. Turawan Ingilishi ba su zo Arewa don su yi noma ba, biyayya su ke so da haraji, saboda haka suka yi kisan Satiru don ya zama gargaɗi ga sauran garuruwa. A can 'yan gari ne suka yi aikin a ɓoye da dare, a nan kuwa rundunar gwamnati ce da rana tsaka, da taimakon 'yan ƙasa. Amma a wurare uku sun haɗu: an kashe wanda ba shi da ikon kare kansa, ba a hukunta kowa ba, an kuma raba waɗanda suka saura da wurin zamansu.

Abin da ya rage

Jikokin Wiyot ba su bar maganar ta mutu ba. Tun daga 1992 suka riƙa taruwa ko wace shekara suna tunawa da matattunsu. Cikin 2000 suka tara kuɗi suka sayi eka ɗaya da rabi a tsibirin, cikin 2004 majalisar garin Eureka ta mayar musu da eka 40, cikin 2014 suka sake yin bikin da aka katse, cikin Oktoba 2019 kuma garin ya mayar musu da sauran abin da ke hannunsa, fiye da eka 200. Shekara 159 ke nan bayan kisan.

Satiru ba ta sami haka ba. Mutanenta talakawa ne da bayi, ba su bar gidan sarauta da zai riƙe sunansu ba, ba su bar marubuci ba. Waɗanda suka rubuta labarinsu da fari su ne waɗanda suka ci su. Sai bayan mulkin kai masana suka koma kan takardun da ke ajiye a Kaduna da Landan suka sake dubawa, irin su R. A. Adeleye cikin 1972, da Paul Lovejoy da Jan Hogendorn cikin 1990, suka fito da abin da rahoton gwamnati ya taƙaita.

Muhimmancin Satiru a tarihin Arewa ya fi girman garin. Kafin 1906 Turawa suna zaman ɗari-ɗari da sarakuna, ba su tabbata ba ko za su juya musu baya ran da dama ta samu. Dama ta samu ran 14 ga Fabrairu, sarakuna ba su juya ba. Daga nan Turawa suka saki jiki, suka ƙarfafa hannun sarakuna a kan talakawa, suka ɗauki duk mai wa'azin Mahadi abokin gaban su biyu, har cikin 1923 aka kama Sa'idu ɗan Hayatu aka fid da shi daga garinsa Dumbulwa. Tsarin mulki ta hannun sarakuna, wanda ya zauna har 1960, a Satiru aka gwada ƙarfinsa aka ga ya riƙe, mutanen garin nan ne kuwa suka biya kuɗin gwajin da rayukansu.

Ba a bukatar mutum ya yarda da da'awar Maikaho, ko ya manta da mutanen Tsomau, kafin ya ce abin da aka yi wa masu gudu da mata da yara ran 10 ga Maris zalunci ne. Shari'ar Musulunci ta hana kashe mata da yara a yaƙi, dokar Turawa da kansu ta hana kashe wanda ya yar da makami, ba kuwa ɗaya daga cikin biyun da aka bi a ranar. Ya kamata yaran makarantunmu su san sunan Satiru kamar yadda suka san na Burmi, su kuma san yawan waɗanda suka mutu a wurin da irin mutuwar da suka yi. Allah ya ji ƙan Musulmin da suka rasu a ko wane ɓangare, ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan rana, amin.